Yadda ake riƙe motar rali a gem, tun daga birki har zuwa kwana

Ba wani gwanin gem ne ya fara ganar da ni motar rali ba, wato motar tseren da ake yi ɗaya bayan ɗaya da agogo a kan hanyoyin da aka rufe. Kawuna ne, wanda ya yi shekaru yana jan motar kaya tsakanin Kumasi da ƙauyukan koko kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a Suame Magazine wajen abokansa fitoci. Wata rana bayan la'asar ya leƙo ɗakinmu a Aboabo, ya tarar ina fama da wata kwana a gem ɗin rali na DiRT Rally 2.0. Sau bakwai ina zuwa wurin, sau bakwai motar tana miƙewa cikin daji alhali na murɗe sitiyari har ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu yana kallo, can ya ce, "Ɗana, da sitiyari kake faɗa. Motar nan ba ta jin ka, don nauyinta yana baya. Kawo mata nauyin gaba tukuna, sannan ka nemi ta juya."

Na ce, "Kawu, ai gem ne." Ya ce in dai waɗanda suka yi shi sun san mota, to a gwada. Na taɓa birki kafin kwanar, hancin motar ya sunkuya, na juya kaɗan, sai ga ta ta shige kamar an ja ta da igiya. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya tsiro.

Da farko, zaɓi gem ɗin da ke gaya maka gaskiya

A gem senta za ka ji samari suna cewa gem kaza ya fi kama da gaske saboda ya fi wuya. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Wuya daban, gaskiya daban. Gem mai gaskiya shi ne wanda idan ka faɗa rami za ka iya cewa ga abin da na yi, kuma idan ka gyara abin, motar ta amsa. Wanda zai juya ka yau ya ƙyale ka gobe a kan kuskure iri ɗaya, wannan wahala ce kawai.

Uku nake ba mutane shawara a kansu. Richard Burns Rally ya fito a 2004, da sunan direban Ingila da ya ci gasar duniya a 2001 cikin Subaru, ya rasu a 2005. Hotonsa ya tsufa, amma har yau masoyansa suna ƙara masa motoci da hanyoyi, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, abin da ke da muhimmanci a gare mu. Yana da makarantar tuƙi a ciki, kuma ba ya yafe kuskure. DiRT Rally 2.0 na kamfanin Codemasters ya fito a 2019. A kan tsakuwa da laka ban ga wanda ya fi shi daɗin hannu ba, ko da yake a kan kwalta ina jin motar tana ɗan shawagi, kamar tana juyawa a kan cibiyarta maimakon tayoyinta. Ka sani ɓangaren gina ƙungiyarka a cikinsa yana neman intanet, amma gwajin lokaci, inda kake gudu kai kaɗai da agogo, wanda shi muke buƙata a nan, ba ya cin data. Sai EA Sports WRC na 2023, mai dogayen hanyoyi da makarantar tuƙi, har da Safari ta Kenya, amma yana son na'ura mai ƙarfi.

Misalaina daga DiRT Rally 2.0 zan riƙa kawo su, don shi ya fi yawa a hannun mutanenmu.

Gyara kayan aiki kafin ka zargi hannunka

Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin kusan mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Idan talabijin ɗinka yana jinkirta hoto da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, motar ta riga ta wuce inda kake ganinta da fiye da mita 3. Shiga saitin talabijin ka kunna yanayin gem. A kwamfuta kuma rage inuwa da kyan ciyawa har allon ya tsaya a hotuna 60 cikin daƙiƙa ba tare da tsinkewa ba. Kyan bishiya ba zai fitar da kai daga kwana ba.

Mai hannun gem, wato abin da ake riƙewa mai sanduna da maɓallai, kada ya karaya, ana gudu sosai da shi. Rage saurin amsar sandar hagu, ka bar ɗan fili kaɗan a tsakiya idan sandar ta tsufa tana karkata da kanta, kuma ka daina buga ta gefe zuwa gefe. Tura ta gaba ka riƙa zagaya ta a bakin da'irar, za ka sami juyi mai laushi. Maɓallan baya na wuta da birki kuwa ba makunnin fitila ba ne, suna da rabi, suna da kwata.

Mai sitiyari irin Logitech G29 ya sani yana zagaya digiri 900, kuma wannan ya yi yawa ga motar rali ta zamani. Mayar da shi wajen 540. Rage ƙarfin jijjigarsa har ka iya bambance lokacin da ya yi nauyi da lokacin da ya saki, domin sakin nan shi ne labarin cewa tayoyin gaba sun rabu da ƙasa. Ka ɗaure shi a tebur mai nauyi, ka tokare fedar da bango ko bulo. Ni benci na sa wani kafinta a Asawase ya haɗa mini da katako, ya fi mini duk wani saiti amfani.

Sannan kashe masu taimako: mai hana taya zamewa, mai daidaita mota, da mai hana birki kullewa. Manyan motocin rali ba su da su, kuma muddin suna kunne, su ne ke tuƙin, kai ba ka jin komai. Giya kaɗai nake yarda sabon shiga ya bar wa gem na mako guda, daga nan ya karɓa. Kashe agogon da ke nuna maka ja da kore a gefe, wato ko kana baya ko kana gaba a lokaci. Idonka yana da aikin da ya fi wannan.

Fara da ƙaramar mota

Kowa yana son Audi Quattro ko Peugeot 205 T16, motocin Rukunin B, ajin nan mai tsananin ƙarfi da aka hana bayan 1986, shekarar da Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka mutu a tsibirin Kosika. Motocin da suka fi ƙarfin ƙwararru ba su ne na koyo ba. Ɗauki Lancia Fulvia ko Ford Fiesta R2, masu jan gaba, wato tayoyin gaba injin ke juyawa. Ba su da ƙarfin da zai rufe maka kuskure, kuma komai yana faruwa a hankali har ka gan shi.

Zaɓi hanya ɗaya ta tsakuwa, gajera, da rana, ba ruwan sama. Ta New Zealand tana da faɗi da laushi. Ka zauna a kanta kwana da kwanaki.

Nauyi: nan ne gidan maganar

Ka tuna zamanka a trotro, motar haya, daga tashar Kejetia. Direba ya taka birki, kowa ya rusuna gaba. Ya ba ta wuta, bayanka ya manne da kujera. Ya sha kwanar dama, kafaɗarka ta danne maƙwabcinka na hagu. Abin da jikinka ya ji, shi tayoyi ke ji. Tayar da nauyi ya hau kanta tana kama ƙasa, wadda nauyi ya bari tana sakin ta. Tayoyin gaba ne ke juya mota, saboda haka idan ka shiga kwana ƙafarka tana kan wuta, ka kwashe musu nauyin da za su yi aiki da shi. Abin da Kawu ya gani ke nan daga bakin ƙofa.

Akwai abu na biyu. Kamun da taya ke da shi kamar kuɗin cefane ne, guda ɗaya ne ake raba shi. Idan birki ya cinye duka, babu abin da ya rage na juyawa. Shi ya sa mai danne birki har ƙasa a tsakiyar kwana yake tafiya miƙe ko ya murɗa sitiyari yaya.

Ga yadda ake haɗa su. Tun motar tana miƙe, taka birki da ƙarfi, ka sauke giya. Da bakin kwanar ya matso, fara ɗaga ƙafa a hankali, kada ka sake shi gaba ɗaya, kuma a daidai lokacin nan ka fara juyawa. Ragowar birkin yana riƙe hancin a ƙasa, bayan motar kuma ya yi sauƙi ya fara zagayowa. Da ka ga hancin ya kalli mafita, saki birkin, ka shigo da wuta sannu a hankali kana warware sitiyari. Birki, juyi, jira, wuta. Jiran nan, wanda bai kai daƙiƙa ba, shi ya fi ba mutane wuya, don ƙafa tana ƙaiƙayin komawa kan wuta.

Yi wannan gwaji sau goma kafin ka ci gaba. Shiga doguwar kwana a giya ta uku da wuta daidai, ka riƙe sitiyari wuri ɗaya kada ka motsa shi. A tsakiya, ɗaga ƙafa daga wuta farat ɗaya. Za ka ga hancin ya lanƙwasa ciki da kansa. Mayar da wutar, za ka ga ya buɗe waje. Ka juya mota ke nan da ƙafa, hannu bai yi komai ba. Wannan gwajin kuma shi nake auna kowane sabon gem da shi. Idan na ɗaga ƙafa motar ba ta canza layi ba, na san wasan yara ne aka yi masa fenti.

Idan gaba ya ƙi juyawa, kada ka ƙara murɗawa, ƙari ba ya kawo kamu. Rage wuta, ka ɗan warware sitiyarin, ka ba tayoyin dama su sake cizo. Idan baya ne ya zame, juya sitiyari zuwa inda bayan ya nufa, da sauri amma kaɗan, kuma ka fara dawo da shi tun kafin motar ta miƙe. Mafi yawan haɗarin da nake gani ba zamewar farko ce ke kawo shi ba, ta biyu ce: mutum ya makara wajen dawo da hannu, tayoyi suka kama, motar ta yi bulala zuwa ɗaya gefen. Maganinsa ido ne. Kalli inda kake son zuwa. Wanda ya zuba wa bishiya ido, bishiyar zai samu.

Me ya sa suke tafiya a karkace

Duk wanda ya bi jar hanyar burji a ƙauye ya san samanta tsakuwa ce mai gangara, ƙarƙashinta kuma ƙasa ce mai tauri. Tayar da ta ɗan karkace tana share tsakuwar ta tono taurin, sai ta sami abin kamawa. Dalilin zamewar 'yan rali ke nan, ba ado ba ne. A gasar gaske ma motar da ta fara shiga hanyar tsakuwa tana asarar lokaci, don ita ke yi wa na baya shara. DiRT Rally 2.0 ya kwaikwayi lalacewar hanya, idan kana can baya a jerin tashi za ka tarar da kwari da gargada da na gaba suka bari.

A kan kwalta lissafin ya juye. Babu abin tonowa, zamewa asarar lokaci ce da cin taya. A hanyoyin Sifaniya tuƙi mai tsabta ake so, birki a miƙe, layi ɗaya. A laka da ƙanƙara kuwa, ninka nisan birkinka, ka hau giya ɗaya sama don kada tayoyi su yi ta juyawa a banza.

Koyi jin mai karanta hanya

A rali ba ka haddace hanya, ana karanta maka ita. Muryar da ke DiRT Rally 2.0 ta Turanci ta Phil Mills ce, wanda ya zauna gefen Petter Solberg suka ci gasar duniya a 2003. Lambobin kwana daga 1 zuwa 6 suke: 1 matsattsiya ce ƙwarai, 6 kusan miƙe take. Manyan lambobi kamar 50 ko 100 nisa ne a mita. Idan ya ce "tightens", kwanar za ta ƙara matsewa a ciki, don haka kada ka ba da wuta da wuri. "Crest" tudu ne da ba ka ganin bayansa. "Don't cut" na nufin akwai dutse ko rami a cikin kwanar. Wannan kalmar ba a gardama da ita.

Kada ka ɗauka lambar giya ce, ko da yake sau da yawa suna kusa. Kuma abin da ya fi lambar kwana muhimmanci shi ne abin da ke bin ta. Hagu 6 da dama 2 ke biye da ita nan take ba kwanar gudu ba ce, wurin birki ne. Shiga saiti ka sa ya riƙa karantawa da wuri kaɗan. Bayan mako biyu, kashe alamun da ke fitowa a allo, ka sa abin kunne. Ranar farko za ka ji kamar an rufe maka ido, daga baya kunnen zai karɓi aikin, idon ya koma kan hanya.

Dabaru uku, bi da bi

Birki da ƙafar hagu shi ne na farko, kuma ya fi sauran amfani. Ƙafar dama tana kan wuta, ta hagu tana ɗan shafa birki a tsakiyar kwana don a sunkuyar da hanci ba tare da injin ya mutu ba. A motar jan gaba abin kamar sihiri yake. Ƙafar hagu ta saba da kuloci, za ta riƙa dannawa da ƙarfi da farko, ka ba ta kwanaki. Mai hannun gem ya riga ya samu wannan a sauƙaƙe, yatsa biyu ne.

Na biyu hambirki, kuma na kwanar da ta naɗe kamar ƙugiya ne kawai. Rage gudu zuwa giya ta ɗaya ko ta biyu, fara juyawa, sannan ka ja shi ka saki nan take. Wanda ya ja kafin ya juya, miƙewa zai yi da tayoyin baya a kulle. Ina ganin yara suna jan sa a kowace kwana, yana kuma kashe musu gudu.

Na uku shi ne kaɗawar da direbobin ƙasashen Sikandinebiya suka yi suna da ita. Kwana tana hagu, sai ka ɗan karkata dama kana ɗaga ƙafa, sannan ka dawo hagu da sauri. Nauyin da ya tafi gefe ɗaya ya dawo da ƙarfi, ya jefa bayan motar cikin kwanar. Tana son fili da lokaci, kada ka neme ta sai ɗaga ƙafar nan ta zauna maka a jiki.

A nan dole in tsaya in faɗi wata magana, don ina da ƙanne masu tuƙa pragya, keke mai taya uku, da okada. Hanyar rali rufe ta ake yi, motar tana da kejin ƙarfe a ciki, direban yana da hular kwano da ɗamara. Gangaren da ke sauka tafkin Bosomtwe yana da kwanoni masu jan hankali, amma akwai mai tahowa, akwai yara, akwai mai kaya a ka. Abin da ya halatta ka ɗauka daga gem zuwa titi shi ne rage gudu kafin kwana da kallon nesa. Sauran ka bar shi a ɗaki.

Sauya mota

Idan ka iya gama hanyarka sau biyar a jere ba ka taɓa komai ba, koma Ford Escort Mk II, mai turin baya. A nan wuta ce ke zagayo da baya, ƙafar dama ta zama sitiyari na biyu. Za ka yi ta juyawa a wuri ɗaya kwana biyu, wannan ba komai. Matsa wutar kamar kana taka ƙwai, ka hau giya da wuri.

Bayanta sai masu jan ƙafa huɗu, irin Škoda Fabia R5. Su kuma so suke ka juyar da su tun kafin tsakiyar kwana, hanci ya kalli mafita, sannan ka ba su wuta su ja kansu waje. Idan ka ji tsoro ka ɗaga ƙafa a tsakiyar zamewa, sai su ƙwace. Audi ce ta shigo da irin wannan jan cikin gasar duniya a farkon shekarun 1980, kuma Lancia 037 a 1983 ita ce mai turin baya ta ƙarshe da ta ci kambun kamfanoni.

A wajen tsalle, kamar na hanyoyin Finlan, miƙar da mota kafin tudu, kada ka taka birki a bakinsa don hanci zai nutse, kuma ka sauka tayoyi suna kallon gaba.

Saitin mota, a taƙaice

Kada ka taɓa shi sai lokutanka sun daina tsalle-tsalle. In ka fara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda fita mai hankali yake yi. Hanya mai duwatsu irin ta Girka ko Ajantina: ɗaga mota, sassauta sifirin. Kwalta: sauke ta, ƙara tauri. Hanya mai yawan kwana tana son gajerun giya, mai gudu irin ta Folan tana son dogaye. Idan hanci yana ƙin shiga kwana, mayar da rabon birki baya kaɗan, ɗan ƙanƙani, don in ya yi yawa motar za ta riƙa juyewa da kai a birki. Taya mai laushi ta fi kamu amma tana saurin cinyewa, ka duba tsawon hanyoyin da ke gabanka kafin wurin gyara na gaba, wato zangon da ake gyara mota a tsakiyar gasa.

Kashe maɓallin sake farawa

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi canza mini tuƙi. Kunna lalacewa mai tsanani, ka shirya gasa mai hanyoyi shida ko takwas, ka yi wa kanka alkawarin ba za ka sake farawa ba. Taya ta fashe, tsaya ka canza ko ka lallaɓa. Fitila ta mutu da dare, ka bi muryar mai karatu. Nan take za ka ga ka daina tuƙi da dukan ƙarfinka, ka koma barin ɗan rara a kowace kwana, kuma lokacinka na jimla zai fi na da kyau. Haka ralin Afirka yake tun asali. Safari ta Kenya, wadda aka fara a 1953 ta kuma dawo gasar duniya a 2021, da ralin maƙwabtanmu na Kodebuwa da ya kasance cikin gasar har 1992, an san su da cinye motoci. A Kodebuwa a 1989 ƙaramar Renault 5 GT Turbo ce ta yi nasara, a hannun Alain Oreille, bayan hanya ta gama da da yawa daga cikin abokan takararsa.

Ka lura da wutar lantarki kafin ka fara doguwar gasa. Dumso, wato ɗauke wuta, ya taɓa yanke mini ɗaya a hanya ta bakwai cikin takwas, tun daga ranar nake ajiye inda na kai in fita daga gem ɗin a wurin gyara idan na ga fitila ta fara rawa. Lokacin hunturu kuma, in iskar arewa ta kawo ƙura, rufe fedar da tsohon zane bayan ka gama. Ƙura tana shiga ma'aunin da ke cikinta, sai ka ga birki yana rawa shi kaɗai a allo ko wuta ta ƙi kaiwa ƙarshe. Kafin ka ce hannunka ya lalace, buɗe shafin saiti ka taka kowace feda a hankali daga sama har ƙasa, ka ga ko layin yana hawa sumul.